Tambayoyi da amsoshi kan Lord Business, bos ɗin da ya so ya manne duniya da gam

Tun ranar da na ce duk cikin bosawan katun babu wanda ya tsaya min a rai kamar Lord Business ake ta jefo min tambayoyi, wasu ba su ma taɓa jin sunansa ba, wasu kuma sun kalli fim ɗin da yaransu amma sun ɗauka shirme ne kawai na 'yan bulo na roba. To ga tambayoyin da suka fi maimaituwa na tattara su wuri guda. Amma fa zan faɗi ƙarshen labarin, wanda bai kalla ba kuma ba ya so a ɓata masa daɗi gara ya je ya kalla tukuna ya dawo.

Wai wane ne ma wannan Lord Business ɗin?

Shi ne bos a fim ɗin The Lego Movie da ya fito a Amurka ranar 7 ga Fabrairun 2014, wanda aka gina a kan Lego, wato 'yan bulon roban nan da yara ke harhaɗawa su yi gini, Phil Lord da Christopher Miller ne suka ba da umarni, kamfanin Warner Bros. ya fitar, wani kamfanin zane na Ostireliya mai suna Animal Logic ya yi aikin kwamfutar. Ɗan wasan barkwancin nan Will Ferrell ne ya ɗora masa murya. Fuska biyu gare shi. A gaban jama'a sunansa President Business, shugaban ƙasa ne kuma shugaban kamfanin Octan lokaci guda, yana fitowa a talabijin yana murmushi yana ce wa mutane su bi umarni su zauna lafiya. In ya shige can saman doguwar hasumiyar ofishinsa kuma sai ya koma Lord Business, mai shirin ƙarar da duniya. Sunan kansa ai kasuwanci yake nufi, ko harka, wato mutumin da ba shi da wani abu a rayuwa sai aiki.

Ina ce an ce duniyar jarumai ce, ina ruwan Lego da su Batman?

Ai suna ciki. Akwai Batman, akwai Superman da Wonder Woman da Green Lantern, duk a siffar 'yan mutanen Lego, kuma duk an mayar da su abin tsokana da gangan. Batman ɗin wurin wanda Will Arnett ya yi wa murya ji da kai ne ya cika shi, komai sai baƙi, yana jifa da makaminsa yana ta kuskure har sai ya dace sannan ya ce wai a karon farko ya samu. Superman kuwa gudun Green Lantern yake saboda ya cika manne masa. Har labarin nan da aka saba ji na annabta zuwan wani zaɓaɓɓe da zai ceci duniya shi ma an yi masa shaguɓe, don daga baya tsohon nan Vitruvius da bakinsa ya ce shi ya ƙirƙiri maganar. To a irin wannan duniya da ake wasa da komai, sai aka kawo bos wanda shi babban abin da ya tsana shi ne wasan kansa, ka ga an dace.

Mene ne Kragle ɗin da ake ta faɗa?

Gam ne kawai, irin sufa gulun da muke manne takalmi da shi. Asalinsa Krazy Glue aka rubuta a jikin robar, wasu haruffa suka goge, abin da ya rage aka karanta Kragle. Su 'yan Lego ba su san mene ne ba, a wajensu makamin ƙare dangi ne, don duk wanda aka fesa wa ya daskare kenan har abada a yadda yake tsaye. Abu ɗaya tak da zai iya tsayar da shi kuma, wanda duk jaruman ke nema kamar ransu, ashe murfin robar gam ɗin ne. Shi ne ya manne a bayan Emmet, wani lebura mai aikin gini da ko abokan aikinsa ba sa iya tuna kamanninsa.

Lord Business yana da tarin irin waɗannan kaya da suka faɗo daga duniyarmu yana ajiye da su kamar kayan tsafi, akwai filastar ciwo, akwai tsinken goge kunne mai auduga, akwai ruwan goge jan farce, akwai reza ta yankan takarda, kowanne an karanta sunansa a karkace an ba shi girma. Tun daga nan mai lura zai fara zargin akwai wani abu bayan labarin.

Me ya sa kake cewa ya wuce bos na gari ɗaya?

Saboda ba kuɗi yake nema ba, ba kuma sarauta ba, duk yana da su tun kafin a fara labarin. Abin da yake so shi ne motsi ya tsaya a ko'ina. Duniyar Lego kashi-kashi ce, akwai birnin Bricksburg, akwai yankin kaboyi, akwai na sarakuna da dawakai, akwai teku da 'yan fashinsa, akwai sararin samaniya, kuma da can mutane suna tsallakawa daga wannan zuwa wancan suna gina abin da ransu ya raya musu. Shi ne ya zo ya kafa katangu a tsakani ya ce kowa ya zauna inda aka ajiye shi, ɗan kaboyi ba shi da abin yi a jirgin sama jannati. Da katangun ba su isa ba, don kullum ya juya sai ya tarar an taɓa masa wani abu, sai ya yanke shawarar ya jera kowa a inda yake ganin ya dace sannan ya fesa gam. Wannan ai tashin duniyar Lego ne, sai dai babu wuta babu rushewa, komai zai zauna tsaf gwanin kyau kamar hoto, babu dai mai sake ɗaga hannu.

To kafin gam ɗin ta yaya yake juya mutane har ba su gane ba?

Nan ne wurin da ya fi burge ni a fim ɗin gaba ɗaya, kuma minti goman farko kawai sun isa. Emmet yana tashi da safe ya ɗauko littafin umarni, irin wanda ke zuwa a cikin kwalin Lego mai nuna maka mataki na ɗaya mataki na biyu, sai dai nasa na rayuwa ne, yadda za ka yi numfashi, yadda za ka gai da maƙwabta, wace waƙa za ka so, wane shiri za ka kalla ka yi dariya. Waƙa ɗaya ce ake sa wa a rediyo dare da rana mai cewa komai lafiya lau, shirin barkwanci ɗaya ne a talabijin kuma zancensa ɗaya kullum, kofi ɗaya dala 37 kuma mutum ya biya yana murna. A wurin aiki kuwa abin da ake sa su yi shi ne su rushe duk wani gini da ya fita daban su sake gina shi daidai da takarda.

Kamfanin Octan shi ke yin waƙoƙin, shi ke yin madara da kofi, shi ke yin shirye-shiryen talabijin, shi ke yin kyamarorin sa ido, shi ke buga littattafan tarihi duka, shi ke ƙera na'urorin zaɓe. Emmet da bakinsa ya lissafo su yana yabon kamfanin, sai da ya kai ƙarshen lissafin sannan jikinsa ya yi sanyi. Wallahi wannan wurin ko babba ya kalla sai ya yi shiru.

Babu bulala a titi fa, babu mai kuka. Ranar da za a fesa gam ɗin ma an sanar da ita ne a matsayin ranar rabon tako kyauta, wani abincin Meziko, ranar Talata, kowa ya fito da murnarsa. Su kuma gwanayen gini waɗanda ke iya haɗa abu ba tare da takarda ba, su ne ake farauta, in an kama su sai a kulle su a wani ɗaki a hasumiyar a riƙa tatsar basirarsu ana mayar da ita littattafan umarni. Wato shi kansa tsarin da yake taƙama da shi da kan masu ƙirƙira yake rayuwa, ya kama su ya matse sannan ya sayar wa jama'a abin da ya fito. Yana kuma da wasu baƙaƙen robot masu dogayen hannaye da aikinsu kawai shi ne su gyara wa mutum tsayuwa, su ɗaga masa hannu su karkata masa kai sai ya yi daidai yadda oga ke so. Sunan da aka ba su a Turanci shi ne sunan da ma'aikata ke kiran irin ogan nan da ba ya barin ka ka yi ko sa hannu a takarda sai ya tsaya a kanka. Duk wanda ya taɓa aiki ƙarƙashin irinsa ya san zafin abin.

Wannan shigar tasa mai ban tsoro tana da wata ma'ana?

Tana da ita. Jar alkyabbar da yake ja a baya an yanka ta ne da siffar igiyar wuyan nan da 'yan kwat ke ɗaurawa, a saman hularsa akwai kofunan shan kofi da wuta ke fita daga cikinsu, takalmansa kuma suna ƙara masa tsawo har ya fi kowa. Kayan zuwa ofis ne aka mayar da su kayan yaƙi, kamar dai yadda yaro ƙarami zai ga babansa in ya shirya da safe fuska a ɗaure.

Mugu ne da gaske ko dai son tsafta ne ya yi masa yawa?

Mugu ne, kar a rage masa. Tun a farkon fim ya makantar da Vitruvius don ya ƙwace gam ɗin, daga baya kuma ya kashe shi da jifan kwabo. Babban ɗan sandansa wanda Liam Neeson ya yi wa murya yana da fuska biyu, ta kirki da ta mugunta, sai Lord Business ya sa ruwan goge farce ya share ta kirkin, sannan ya tilasta masa ya fesa wa iyayensa gam da hannunsa. Bayan duk wannan biyayya kuma da ya gama amfani da shi sai ya bar shi a hasumiya ya mutu tare da fursunoni. Abin da ya sa yake da ban tsoro a wajena shi ne duk wannan bai taɓa ganin kansa a matsayin azzalumi ba, shi a ganinsa mutane ne ke ɓata masa kaya, shi kuwa gyara kawai yake.

Wane ne mutumin sama da suke ta ambata?

To nan ne asirin yake. Can wajen ƙarshe Emmet ya faɗa wani rami marar iyaka don ya ceci 'yan uwansa, sai ya farka a duniyarmu ta mutane, fim ya tashi daga katun ya koma hoton gaske. Ashe duk abin da muke kallo wani yaro ne mai suna Finn yake wasa a ɗakin ƙasa na gidansu, inda babansa ya gina ƙaton birni na Lego a kan tebura, kowane yanki daban, ya kafa alluna yana cewa kar a taɓa. Sai ga baban ya sauko daga bene da kayan ofis a jikinsa, kuma Will Ferrell ɗin nan dai ne. Ya ga yaro ya cakuɗa masa kaya, ya ɗora dodo a kan bene, ya haɗa abin da ba a haɗawa, ransa ya ɓaci ya fara wargaza abin da yaron ya gina yana mayarwa yadda yake, ya ɗauko gam zai manne komai don kar a sake taɓawa. Yaron ya ce masa ai kayan wasa ne, ga shekarun yara ma a rubuce a kwali, shi kuma ya dage cewa wannan ba wasa ba ne.

Wato Lord Business hoton uban ne a idon ɗansa. Shekara takwas da rabi da aka ce bos ɗin ya yi yana shirinsa, shekarun yaron ne daidai. Ni wurin da ya karya min zuciya shi ne lokacin da uban ya tsaya ya ƙare wa abin da yaron ya gina kallo, ya ga ashe gwaninta ce, sannan idonsa ya faɗa kan ɗan mutumin nan mai kwat da yaron ya sa a matsayin bos, ya gane shi ne. Babu wanda ya gaya masa, shi ya gani da kansa, ya tambayi yaron to me leburan zai ce wa wannan shugaban. Amsar da yaron ya bayar ta bakin Emmet ita ce ba dole ba ne ya zama mugun labarin, shi ma gwanin gini ne, abin da mutane ke yi shi ne ɗaukar abin da ya gina suna ƙirƙiro sabo daga ciki.

Mu ma ai mun san irin wannan a gidajenmu ko da ba mu taso da Lego ba. Akwai jeren kwanuka da tangaran a ɗakin uwa da ba a ci a ciki sai kallo, akwai falon da ba a buɗe shi sai baƙi sun zo, akwai rediyon baba da in ka taɓa ka shiga uku. Kuma yaron da zai zauna ya fere karan dawa ya ƙera mota har da tayoyi da ƙofa, ko ya yanka gwangwani ya yi tirela, sau nawa babba ya tsaya ya duba abin da kyau kafin ya ce a kwashe wannan shara daga tsakar gida. Ba ƙiyayya ba ce, gajiya ce da son a ga wuri tsaf, amma yaro ba haka yake karanta abin ba.

Wannan maganar mutumin sama ba ta taɓa aƙida ba kuwa?

Tambaya ce mai kyau kuma iyaye da yawa sun yi min ita. A Turancin Amurka wasu suna amfani da wannan lafazin a sakaci suna nufin Ubangiji, kuma masu fim ɗin sun san haka, sun bar mai kallo ya yi wannan zaton kafin a nuna masa cewa mutum ne kawai da ke zaune a saman bene alhali kayan wasan suna ɗakin ƙasa. Mu dai ba ma irin wannan wasa da sunan Allah. Shawarata in za ka kalla da yara ka yi musu bayani a fili cewa baban yaron ake nufi, mutum ne mai kuskure kamar kowa, kuma fim ɗin da kansa abin da ya nuna kenan a ƙarshe.

Kenan fim ɗin cewa yake aiki da tsari ba su da amfani, kowa ya yi abin da ya ga dama?

A'a, kuma mutane da yawa nan suke kuskure. Ku duba gwanayen ginin nan, kowannensu haziƙi ne amma ba sa iya aiki tare. Da aka kai musu hari suka haɗu za su gina jirgin ƙarƙashin ruwa don su tsere, Batman ya gina nasa ɓangaren da baƙi, wannan ta yi nata da launuka, wancan ya yi nasa irin na 'yan sama jannati, babu mai sauraron wani, jirgin yana shiga ruwa ya fara yoyo ya tarwatse. Abin da ya cece su shi ne wata kujera mai hawa biyu da Emmet ya ƙera wadda kowa ya raina. Kuma dabarar da ta kai su cikin hasumiyar bos ita ce ta Emmet, ya ce musu abin da Lord Business ba zai taɓa zato ba shi ne su bi umarni, su gina jirgi sak irin na Octan mataki bayan mataki kowa ya riƙe aikinsa. Lebura ne ya koya wa jarumai aiki tare, da abin da ya koya a wurin gini.

Saboda haka ni abin da na fahimta, laifin Lord Business ba son tsari ba ne. Laifinsa shi ne ya ɗauka akwai ranar da aiki zai ƙare, a ce an gama, daga nan duk wanda ya taɓa ɓarna ya yi. Bulon Lego kuwa tun da aka yi masa rajista a 1958 an yi shi ne ya kama da kyau kuma ya ɓalle in an so, in ka sa masa gam ka kashe rabin amfaninsa. Kamfanin ma wani kafinta ne Ole Kirk Christiansen ya kafa shi a garin Billund na ƙasar Denmak a 1932, sunan kuma daga kalmomi biyu na yarensu ne masu nufin yi wasa da kyau.

Akwai irinsa a Marvel ko DC?

Akwai danginsa a waɗannan kamfanoni biyu na Amurka masu buga labaran jarumai na zane. A Marvel akwai Master Order da abokin gaminsa Lord Chaos waɗanda Jim Starlin ya ƙirƙira a 1977, ɗaya tsari ɗaya hargitsi, su ba mutane ba ne, ƙarfi ne guda biyu da ke riƙe da duniyar labarin. A DC kuma akwai Darkseid na Jack Kirby da ya fara fitowa a 1970, wanda burinsa shi ne ya samo wani lissafi da zai cire wa kowane mai rai zaɓin kansa. Lord Business ya ɗebo daga irin wannan jini, sai dai su ana ba da labarinsu da ɗaure fuska, shi kuwa an sauko da shi ƙasa an ba shi ofis da sakatarori da taron ma'aikata. Kuma Darkseid ba wanda zai zaunar da shi ya ba shi haƙuri ya ji.

Ba talla ce kawai ta sayar da kayan wasa ba?

Talla ce mana, ba a ɓoye ba. An kashe kusan dala miliyan 60 aka samu sama da miliyan 460 a sinimomin duniya, ban da kwalayen Lego da aka sayar saboda shi, har da na Lord Business ɗin kansa da littafin umarninsa a ciki. A ɗaya gefen kuma tashar Fox Business ta Amurka ta yi ƙorafi a lokacin cewa ana koya wa yara ƙin 'yan kasuwa. Ni ina ganin duka biyun ba su hana labarin uban da ɗan zama gaskiya ba. Ya ci kyautar BAFTA ta fim ɗin katun a Ingila, a Oscar kuwa waƙarsa kaɗai aka saka a takara, abin da ya ba mutane da yawa haushi a 2015.

Ya aka ƙare da shi, ya mutu?

Bai mutu ba. Da kansa ya karɓi murfin ya rufe gam ɗin, a daidai lokacin da uban a duniyar gaske ya rufe nasa ya fara goge wanda ya riga ya shafa, aka saki waɗanda suka daskare har da iyayen ɗan sandan. Sai uban ya ce tunda an bar Finn ya yi wasa to ƙanwarsa ma za a bar ta, nan take manyan bulo na Duplo irin na ƙananan yara suka sauko birnin a matsayin baƙi daga wata duniya. A kashi na biyu da ya fito a 2019 rigimar ta koma tsakanin wa da ƙanwa, Lord Business ɗan leƙowa kawai ya yi ya tafi wasan golf ya bar su da matsalarsu.

Na sayo wa yarona Lego da tsada, kullum sai ya wargaza, in sa masa gam?

Manyan gine-ginen da ake ajiyewa a wuraren shaƙatawa na Legoland ana manne su, don suna waje rana da ruwan sama ga dubban hannaye, wannan daban ne. Na gida kam kar ka sa. Ku zauna tare ku haɗa shi sau ɗaya yadda takarda ta ce, don ya koyi bin mataki da haƙuri, ka ɗauki hotonsa a waya in kana so, ka ajiye takardar a wuri mai kyau saboda wata rana zai so ya sake. Daga nan ka samo masa roba mai murfi ya riƙa zuba su, ka shimfiɗa tabarma ko tsohon zani ya yi wasan a kai don kwashewa ta yi sauƙi, in akwai mai rarrafe a gidan kuma a yi nesa da shi da ƙananan saboda haɗiya.